Tara Sulallan Tunawa da Zaɓen 'Yan Gaban Goshi

Gwamnatoci sukan buga kuɗin ƙarfe na musamman idan suna son jama'a su riƙe wani abu a rai: ranar samun 'yancin kai, cikar wata masarauta shekara 100, rasuwar wani shugaba, buɗe wani babban aiki. Irin waɗannan sulalla ake kira na tunawa. Tara su sha'awa ce mai daɗi, tana kuma koyar da tarihi ta hanyar da littafi ba ya iyawa, don abin da kake karantawa yana tafin hannunka, kana jin nauyinsa. Amma sha'awa ce mai cin kuɗin wanda ya shige ta ido rufe. Mai farawa yana bukatar ya san abin da yake saye, ya san inda zai tsaya, ya kuma san dalilin da ya sa yake son wannan fiye da wancan.

Da farko a bambance iri-irinsu, don a nan ake yawan yin kitso da ƙwarƙwata. Akwai waɗanda ake bugawa da yawa a sake su cikin kasuwa, a yi cefane da su kamar kowane kuɗi. Amurka ta yi haka daga 1999 zuwa 2008, inda ta riƙa fitar da kwandalar santi 25 mai zanen jiha guda, jihohi biyar kowace shekara, har ta zagaye jihohi 50. Ƙasashen da ke kashe yuro suna yin haka da kwandalar yuro 2 tun 2004, lokacin da Girka ta fara da ta wasannin Olamfik na birnin Atina. Masar ta saki fam ɗaya mai tunawa da sabon reshen mashigin Suwez a 2015. Waɗannan su ne abokan mai farawa, saboda ana samun su da araha, wani lokaci ma a canjin da ya rage a aljihun matafiyi.

Iri na biyu babban banki ne ke buga su ƙalilan, galibi da azurfa ko zinariya, a sa su cikin akwati da takardar shaida, a sayar da su sama da darajar da ke rubuce a jikinsu. Babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu kashe sefa ya buga faran 500 na azurfa a 1972 don cikar ƙawancen kuɗinsu shekara 10. Nijar ta fitar da na azurfa da na zinariya masu hoton Shugaba Diori Hamani don tunawa da samun 'yancin kai. Sau da yawa irin waɗannan akan yi musu bugu na musamman: a goge ƙarfen har ya zama madubi, a danna shi fiye da sau ɗaya, sai zanen ya fito ɓaro-ɓaro a kan fili mai sheƙi.

Iri na uku shi ne nake so mai karatu ya yi hattara da shi. Wasu kamfanoni masu zaman kansu a Turai sukan nemi izinin amfani da sunan wata ƙasa, su buga sulalla masu kyan gani da sunanta. Za ka ga an rubuta Nijar ko Chadi ko Kamaru, an sa darajar sefa, amma zanen na wata dabba ce da ba ta taɓa taka Sahel ba, an shafa mata fenti kala-kala. Babu ɗan kasuwar Damagaram ko Marwa da ya taɓa ganin su, balle ya karɓa. Wanda ya saye su don kyan gani da saninsa, ba laifi. Wanda ya saye su yana zaton ya riƙe tarihin Nijar, an cuce shi. Haka kuma duk ƙarfen da ba a rubuta masa daraja ba, babu naira, babu riyal, babu faran, wannan lambar tunawa ce, ba kuɗi ba ne, komai kama da ya yi da shi.

Shata iyaka kafin kashe ko kwabo

Sulallan tunawa na duniya sun fi ƙarfin kowane mutum ɗaya. Yuro 2 kaɗai ta haura iri ɗaruruwa, kowace shekara kuma ana ƙara wasu. Saboda haka aikin farko shi ne ka zauna ka rubuta a takarda abin da kake tarawa, cikin jimla ɗaya. Wani zai ce ƙasa guda. Wani zai ce zamani guda, kamar shekarun samun 'yancin kai a Afirka. Wani zai ɗauki jigo: noma, jiragen ƙasa, masallatai, shugabanni. Wanda ba ya son tara hotunan mutane a ɗakinsa yana da fili mai faɗi a sulalla masu rubutun Larabci zalla, kuma mai karatun allo yana da rinjaye a nan, don zai karanta suna da shekarar Hijira kai tsaye, abin da mai tarawa a Turai sai ya buɗe littafi. Abu ɗaya zai kiyaye: a kuɗin Daular Usmaniyya shekarar da aka rubuta babba ita ce ta hawan sarki gado, ƙaramar lambar da ke gefe ko sama ita ke nuna shekara ta nawa ce a mulkinsa aka buga kuɗin.

Ni shawarata ga mutumin Nijeriya ko Nijar ko Gana ita ce ya fara da na gida, ko da yawancinsu ba a buga su da sunan tunawa ba. Dalilina shi ne sun riga sun fita daga hannu, kuma kowane jeri daga cikinsu yana tsaye ne a kan wata gaɓa ta tarihi. A Nijeriya, alal misali, kwabo da anini masu huji sun fara fitowa a 1907. Hukumar kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma rainon Ingila an kafa ta a 1912, sulenta na azurfa mai zanen bishiyar kwakwar manja ya biyo baya a 1913. A 1959 Tarayyar Nijeriya ta fitar da nata: ɗari da kwabo masu huji, taro mai kusurwa 12 da zanen auduga, sisi mai koko, sule mai ganyen kwakwa, da fataka mai gyaɗa. Guda shida ne kacal, mutum zai iya haɗa su ba tare da ya taɓa kuɗin cefane ba. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka karɓi fam da sule, da jeri mai guda biyar. Aka sake fasali a 1991, sannan a 2007 aka fitar da kwabo 50 mai masara, naira 1 mai hoton Herbert Macaulay, da naira 2 mai ginin Majalisar Tarayya. Wanda ya jera waɗannan a kan tebur ɗaya ya jera shekara 100 cur. Daga nan sai ya leƙa maƙwabta, ya kuma leƙa Saudiyya da Masar da Sudan, inda ƙafar mutanenmu ta saba zuwa.

Inda ake samu, da yadda ake dubawa

Wurin farko gida ne. Tsohuwar adaka, gwangwanin allura, ƙasan akwatin kaka, jakar da alhaji ya dawo da ita daga Makka. A tambaya da ladabi, don wata tsohuwar ta ajiye sulen ne saboda wanda ya ba ta, kuma ya kamata a ji labarin a rubuta shi kafin a karɓa. Bayan gida sai 'yan canji, waɗanda tsabar ƙasashen waje kan taru musu ba su da yadda za su yi da ita, tun da bankuna ba su cika karɓar ƙarfe ba. Sai masu sayar da kayan gargajiya a kasuwanni irin Kurmi ta Kano, da maƙeran azurfa, waɗanda akan kawo musu tsoffin sulalla don narkewa. Yana da kyau mai tarawa ya saba da maƙeri ɗaya, ya roƙe shi ya riƙa nuna masa abin da ya shigo kafin ya shiga wuta. 'Yan uwa da ke karatu ko aiki a waje su ma hanya ce. A intanet ana samun kusan komai, sai dai kada a saya sai an ga hoton fuska da baya da gefe na ainihin sulen da za a aiko, kuma a duba nawa aka sayar da irinsa a baya, don kuɗin da mai kaya ya sa buri ne kawai. Wanda ya samu zuwa Abuja ya nemi ganin gidan tarihin kuɗi na Babban Bankin Nijeriya, ido yana koyon gane na gaske ne ta yawan kallon na gaske.

Kayan aiki ba su da yawa. Gilashin ƙara girma mai ninka abu sau 10, ƙaramin sikeli na lantarki irin na masu sayar da gwal wanda ke auna ɗigon giram, maganaɗisu, ma'aunin faɗi da kauri irin na makanikai, da tsumma mai laushi da za a shimfiɗa a kan tebur don kada sule ya faɗi a kan siminti. Sai kundin da ke ba da nauyi da faɗi da irin ƙarfen kowane sule. Kundin Krause shi ne sananne a duniya, har masu sayarwa suna ambaton sulalla da lambobinsa, Numista kuma tana ba da irin wannan bayani kyauta a waya.

A riƙe sule ta gefensa, da yatsa biyu, da hannu wankakke busasshe. Zufa tana da gishiri, sawun yatsa kuma yana iya zama dindindin a kan fili mai sheƙi. A fara da auna nauyi a gwada da kundi. Sule mai yawo a hannu yakan rage kaɗan, amma idan bambancin ya kai giram guda a kan babban sule, akwai magana. Azurfa da zinariya da tagulla ba sa bin maganaɗisu, don haka duk abin da aka ce maka azurfa ne ya manne, a mayar wa mai shi. Wannan gwaji bai shafi sabbin sulalla ba, domin da yawansu baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe, har da namu na 2007. Daga nan a sa gilashi. Na gaske dannawa aka yi da inji mai ƙarfi, haruffansa suna da kaifi, filinsa sumul. Jabu sau da yawa zubi ne, za a ga 'yan ƙuraje ko ramuka ƙanana, haruffa sun yi laushi, wani lokaci da ɗan layi a gefe inda ɓari biyu na mazubi suka haɗu. Azurfa idan aka ɗora ta a kan yatsa aka ɗan taɓa ta takan yi ƙara siririya mai tsawo, dalma kuwa sai ta yi ɗif.

Liyari ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne babban sulen azurfa da aka fi cin karo da shi a ƙasar Hausa da Barno, kuma shi aka fi ruɗar mutane da shi. Hoton da ke jikinsa na Sarauniya Maria Theresa ce ta Ostiriya, shekarar da ke jiki kuma 1780, shekarar da ta rasu. Fatake a Afirka da ƙasashen Larabawa sun amince da shi har ba sa karɓar wani, shi ya sa aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ba canji, a birane daban-daban, kuma har yau ana buga shi a Biyana. Ganin 1780 a jikin liyari bai nuna ya shekara 200 ba. Na gaske nauyinsa giram 28 da 'yan kai, kashi 83 cikin 100 azurfa ne, gefensa kuma yana da rubutu da ado masu tudu. Yawancinsu darajarsu ba ta wuce ta azurfar da ke jikinsu da ɗan ƙari ba. Da yawa an huda su ko an liƙa musu kunne don a rataya a wuya ko a gashi. Wannan yana rage musu kuɗi a wurin masu tarawa, amma ni ba na ƙin irinsu, don hujin shaida ne cewa wata mace ta yi ado da shi a nan ƙasar.

Abin da ke sa tsada

Tsufa ba ya cikin manyan dalilai, wannan kuwa yana yi wa mutane wuyar yarda. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙarancin adadin da aka buga, da lafiyar sulen, da yawan masu nema. Monako ta buga yuro 2 guda 20,001 kacal a 2007 don cikar Gimbiya Grace shekara 25 da rasuwa, yau ana sayar da ɗaya a kan dubban yuro. Ingila ta saki fenni 50 mai hasumiyar lambun Kew guda 210,000 a 2009, kuma saboda masu tara fenni 50 suna da yawa a can, farashinsa ya ninka darajarsa sau ɗaruruwa, har jabunsa ya cika kasuwa. A ɗaya gefen, babban sulen da aka buga wa tsohon Firayim Ministan Ingila Winston Churchill a 1965 ya haura miliyan 19, gidaje da yawa a Ingila sun ajiye shi, shi ya sa har yau ba ya da wani kuɗi. Rand 5 mai hoton Nelson Mandela da Afirka ta Kudu ta fitar a 2008, lokacin da ya cika shekara 90, miliyoyi aka buga, duk da haka an sha yaudarar mutane cewa wanda ya samu ɗaya ya tsinci dami a kala. Duk sanda ka ji ana yayata cewa wani tsohon kwabo ya kai miliyoyi, ka tambayi adadin da aka buga, ka tambayi wa ya taɓa biya.

Lafiyar sule ana duba ta ne a wuraren da suka fi tudu, don su ke fara cinyewa: gashin kai da kumatu a hoton mutum, jijiyoyin ganye, fukafukan mikiya a tambarin Nijeriya. Manyan kamfanonin tantancewa na Amurka suna amfani da ma'auni daga 1 zuwa 70, su rufe sule cikin roba mai tauri da lambarsa. Mai tarawa a nan ba ya bukatar wannan. Mataki huɗu sun ishe shi: wanda ya cinye har rubutu ya fara ɓacewa, wanda ya yi yawo amma komai yana karantuwa, wanda ya ɗan taɓa hannu kaɗan, da sabo fil da bai taɓa shiga kasuwa ba. Idan kuɗi ya iyakance, sule ɗaya mai lafiya ya fi biyar cinyayyu, don cinyayyun za ka gaji da su ka nemi canji, ka biya sau biyu.

Ajiya

Kada a wanke. Wannan ita ce ƙa'idar da aka fi karyawa, kuma ɓarnarta ba ta gyaruwa. Toka, lemon tsami, tsamiya, omo, soson ƙarfe, man goge tagulla, dukkansu suna cire fatar sulen su bar ƙananan zane-zane da gilashi ke nunawa nan take. Duhun da tsohuwar azurfa ko tagulla ta yi da kanta ado ne a wurin masana, sule mai ƙyallin gogewa kuwa farashinsa faɗuwa yake yi. Idan ƙasa ce ta manne, a jiƙa shi cikin tataccen ruwa zalla, a ɗauraye, a ɗora a kan tsumma ya bushe ba tare da murzawa ba.

Kowane sule da ɗakinsa, kada su gogi juna. Akwai 'yan katin kwali masu taga da ake naɗewa a rufe sule a ciki, akwai kuma 'yan kwanonin roba mai tauri. Wanda bai samu ba ya yi ƙananan ambulan da farar takarda mai kyau, ya rubuta bayani a bayansu kafin ya sa sulen. A guji leda mai laushi mai warin sabon takalmin roba, domin idan ta sha zafi tana fitar da wani maiƙo kore da ke cin ƙarfe. A guji jakar fata da robar ɗaure kuɗi, suna baƙanta azurfa. Yanayinmu yana da abokan gaba biyu: danshin damina da ƙurar hunturu. Akwati mai rufuwa ruf, da 'yan ƙunshin busar da danshi irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi ko na magani, sun wadatar, a riƙa canza su idan damina ta kama. Kada a ajiye akwatin kusa da madafa ko inda ake turaren wuta. Idan aka ga kore mai gari-gari ya tsiro a jikin na tagulla, a ware shi daga sauran, a busar da shi sosai, don wannan tsatsa tana ci gaba da ci matuƙar akwai laima.

A buɗe littafi tun daga sule na farko: ƙasa, shekara, daraja, nauyi, inda aka samu, nawa aka biya, da labarin da ya zo da shi. Littafin nan shi zai hana magada su kai akwatin gaba ɗaya wurin 'yan gwangwan. Akwai kuma hakkoki biyu da ba a tsallakewa. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya hana wulaƙanta naira da kuma cinikinta, takarda ko ƙarfe, don haka kwandalolin da har yanzu kuɗi ne a hukumance a karɓe su a kan darajarsu, kada a huda su, kada a kasa su. Na biyu zakka ce. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wajen giram 595, na zinariya dinari 20, wajen giram 85. Liyari ɗaya yana ɗauke da tsantsar azurfa giram 23 da ɗoriya, ke nan guda 26 sun kai. Wanda tarinsa ya doshi haka ya je wurin malami da littafinsa a hannu, ya kuma tambayi hukuncin musayar azurfa da azurfa kafin ya fara furfure da abokai.

Zaɓen 'yan gaban goshi

Idan tari ya kai 50 ko 100, sai mutum ya lura akwai waɗanda hannunsa ke fara kaiwa gare su duk sanda ya buɗe akwati. Yana da amfani a fitar da wannan zaɓi fili, domin shi ke nuna wa mai tarawa inda sha'awarsa ta dosa, ya daina kashe kuɗi a inda zuciyarsa ba ta. Hanyar ita ce a shimfiɗa farin ƙyalle da rana, a baje su duka, a rufe littafin farashi, a ware goma. Goma kawai, ko da zuciya tana jan na goma sha ɗaya.

Kowane ɗaya daga cikin goman sai a yi masa tambayoyi. Zan iya ba yaro labarin sulen nan ba tare da na duba takarda ba, har ya saurara? Idan wani ya miƙo mini wanda ya ninka shi tsada ya ce mu yi musaya, zan yarda? Wanda ka yarda ka bayar, tsadarsa kake so, sai ya koma cikin sauran. Sai kuma a dubi aikin mai zane. Fili ƙarami ne, bai kai tafin jariri ba, gwani shi ne wanda ya faɗi abu ɗaya a cikinsa ya bar sarari ido ya huta. Zanen da aka cusa masa gini da tuta da fuska da dogon rubutu duk a wuri ɗaya yana gajiyar da ido cikin mako guda. Masu fenti ba sa shiga gomana, don ƙarfe yana da nasa haske da inuwa, fenti kuwa rufe su yake yi, daga baya ya ɓanɓare.

A wurina kwabo 25 na 1973 ne kan gaba. Farin ƙarfe ne mai nauyi a hannu, a bayansa ga dalar gyaɗa, ga 'ya'yan gyaɗa. Ba a buga shi don tunawa ba, an buga shi ne don a nuna arzikin da ake taƙama da shi a lokacin. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano gabanin Yaƙin Duniya na Ɗaya gyaɗa ta zama abin da ke ɗaukar Arewa, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna a cinikinta, buhuna suka riƙa taruwa ana jera su dala-dala suna jiran taragu. Amma shekarar da sulen ya fito ita ce tsakiyar babban farin Sahel, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, kuɗin man fetur kuma ya janye hankalin hukuma daga gona. Cikin 'yan shekaru dalar ta ɓace daga filayen Kano. A jerin nan dai, kwabo 1 yana ɗauke da hasumiyoyin haƙar mai. Idan ka ajiye su biyun gefe da gefe ka ga abin da ya tafi da abin da ya maye gurbinsa, kuma duk wanda kakansa ya yi noman gyaɗa ko dakonta zai ji wannan a jikinsa.

Na biyu kwabo mai huji ne na 1936. Sarki Edward na Takwas ya hau gadon Ingila a Janairun shekarar, ya sauka a Disamba don ya auri matar da hukuma da coci ba su amince da ita ba. Ingila kanta ba ta kai ga sakin kuɗi da sunansa a kasuwa ba. Afirka ta Yamma kuwa ta samu anini da ɗari da kwabo masu sunansa, saboda kuɗi mai huji a tsakiya ba ya bukatar hoton sarki, suna kawai ake canzawa. A fuska ga kambi da rubutun Larabci mai faɗin darajarsa, a baya ga tauraro mai tsini shida, irin wanda ke kan tutar Nijeriya ta zamanin Turawa. An buga su da yawa, ba su da tsada. Mai gilashi ya nemi ƙaramin harafi a jikinsu: H ko KN na nuna ɗaya daga cikin masana'antu biyu na Birmingham, wanda ba shi da harafi kuwa bugun gidan kuɗin gwamnati ne na Landan. Haɗa ukun aiki ne mai daɗi ga mai farawa.

Cikin na tunawa na ainihi ina son riyal ɗaya, wato halala 100, da Saudiyya ta fitar a 1419 bayan Hijira, shekara 100 da Sarki Abdul'aziz ya karɓi Riyad a 1319. Ƙarfe biyu ne, zobe da ciki, babu hoton kowa. Ina son fam na azurfa da Masar ta buga wa Azhar don cikarta shekara 1,000, saboda yawan malamanmu da suka zauna a zaurukanta. Sulallan Gana na 1958 masu kan Kwame Nkrumah suna da nauyin tarihi, ganin cewa bayan juyin mulkin 1966 an fitar da sabbin kuɗi babu hotonsa. Sai dala biyu ta sefa, faran 10, wadda tun 1981 take ɗauke da zanen mutane suna ɗiban ruwa a famfo. Ba ta sayen komai a yau, amma ban san wani kuɗi da ya zana rayuwar ƙauyen Sahel kai tsaye kamar ta ba.

Naka goman ba sai sun yi kama da nawa ba. Wani sisin da mahaifiyarsa ta ɗaure a bakin zane zai sa a gaba, cinyayye, ba ya ko karantuwa, kuma wannan dalili ne cikakke. A ba goman nan mazauni na daban, faranti mai rufi ko shafin farko na kundi, a rubuta wa kowanne layi biyu ko uku na dalilin zaɓensa. Shekara-shekara a sake baje su, bayan damina ya fi, lokacin da ake duba tsatsa da canza ƙunshin danshi. Idan sabon shiga ya cancanta, dole wani ya sauka ya ba shi wuri. Waɗanda suka zo biyu-biyu, da waɗanda aka samu mafi lafiyarsu, su ne jarin musaya da sauran masu tarawa, su ne kuma za a ba yaron gidan da aka ga yana yawan tsayawa kallo idan an buɗe akwati, tare da ambulan goma da littafi nasa na kansa.